YADDA A KE ƘERA MAJUYIN TARKO

Ga wata tambaya da mu ke so malaman makaranta su gwada almajiransu da ita. A ƙasashen Kanada da Amurka akwai wani karen daji da a ke kira koyoti. Ɗan'uwan dilanmu ne, amma ya fi shi girma, ko da ya ke nauyinsa ba safai ya kan wuce laba 50 ba. Wayar da masu tarko su ke ɗana masa kuwa, masu yinta sun auna ta, sai an rataya mata nauyin laba 920 kafin ta tsinke. Duk da haka mai tarko ya kan je kewaya da safe ya tarar da guntun waya a jikin turke, dabba ta tsinka ta yi gaba da zarge a wuya. To, yaya aka yi dabbar da yaro ɗan shekara goma sha biyu ya fi ta nauyi ta tsinka abin da zai ɗauki maza biyar?

Wani lokaci da haƙori ta ke tauna wayar, amma sau da yawa murɗa ce ta ke yin wannan aiki. Maganin murɗa kuwa wani ɗan ƙarfe ne da bai kai tsawon yatsa ba, wanda a ke sa shi tsakanin turke da zarge domin waya ta riƙa juyawa yadda ta ga dama. Mun sa masa suna majuyi. Kun san irinsa a jikin sarƙar kare, da jikin igiyar fatsa, da maratayin makullan ofis. Ana sayar da shi a kantunan waɗannan ƙasashe, amma mutumin da zai ɗana tarko ɗari biyu a hunturu guda, ga shi kuma tsakaninsa da kanti tafiyar yini ce, ya kan gwammace ya ƙera abinsa. Yadda ya ke ƙera shi, da dalilin da ya sa hukumomi suka sa baki a ciki, shi ne abin da za mu bayyana yau.

ASALIN TARKON WAYA

Tun kafin Turawa su sa ƙafa a Kanada, mutanen ƙasar na asali, irin su kabilun Cree da Dene, sun gwanance wajen kama zomo da zargen jijiya ko na igiyar fata. Su kan ɗaura zargen a bakin wani dogon itace da aka ɗana, da zarar zomo ya taɓa sai itacen ya ɗaga shi sama. Irin wannan tarko ba ya bukatar majuyi, gama abin da ke reto a sama ba shi da ƙasar da zai taka ya yi birgima.

A shekarar 1670 Sarkin Ingila Charles na II ya ba kamfanin Hudson's Bay takardar izinin ciniki a arewacin Kanada. Babban abin da kamfanin ya ke saye shi ne fatu masu gashi, musamman fatar wata dabbar ruwa da a ke kira biba, wadda Turawa su ke yin malafa da gashinta. Daga nan ɗana tarko ya tashi daga neman abin miya, ya zama sana'ar da a ke ci da iyali da ita.

Ita kuwa igiyar ƙarfe, wani Bajamushe ne mai suna Wilhelm Albert ya ƙago ta a 1834, a garin Clausthal cikin duwatsun Harz. Ma'aikacin haƙar ma'adinai ne. Ya ga igiyar rama tana ruɓewa cikin danshin rami, sarƙa kuma in zobe guda ya karye shi ke nan kaya sun koma ƙasa. Sai ya ɗauki wayoyi huɗu ya murɗa, ya yi haka sau uku, sa'an nan ya tufke ukun wuri guda. Bayan an ƙago jirgin sama aka shiga yin 'yar siririyar irinta don jan fikafikai da wutsiyar jirgi, shi ya sa har yau a ke kiranta wayar jirgin sama. A cikin ƙarni na 20 masu tarko suka rungume ta.

Wadda suka fi aiki da ita ana ce mata 7x7, watau sili bakwai, kowane sili da ƙananan wayoyi bakwai, jimla 49 ke nan. Akwai 7x19 mai wayoyi 133, ta fi laushi. Akwai kuma 1x19 mai wayoyi 19, ta fi tauri. Mai kaurin inci 3/32, watau wajen milimita 2.4, ita ce mai ɗaukar laba 920 ɗin nan in 7x7 ce. Mai kaurin inci 1/16 kuwa laba 480 ta ke ɗauka, ƙananan dabbobi a ke ɗana wa ita.

TUFKA DA WARWARA

Duk wanda ya taɓa zama kusa da mai tufkar igiya ya san sirrin abin. Ana murza kowane sili ta hannu guda, sa'an nan a haɗa su a tufke ta ɗaya hannun. Wannan jayayya da ke tsakanin murza da tufka ita ke riƙe da igiya, kowane sili yana neman ya warware, ɗan'uwansa ya tare shi. Igiyar ƙarfe ma haka ta ke. Muddin ana janta sosai a miƙe, dukan wayoyin nan 49 suna raba nauyi a tsakaninsu, babu wadda ta ke ɗaukar abin da ya fi ƙarfinta.

Amma dabbar da ta ji zarge a wuya ba a miƙe ta ke ja ba. Ta kan yi tsalle, ta kewaye turke, ta faɗi ta yi ta birgima. Kowace birgima murɗa guda ce ta shiga cikin waya, in kuwa gindin wayar a ɗaure ya ke tam, murɗar ba ta da hanyar fita. Daga nan ɗayan abu biyu zai faru. In dabbar ta juya ta hannun da ke kwance tufka, sai silin su rabu, waya ta buɗe ta yi kamar sheƙar tsuntsu. In ta juya ta ɗaya hannun, sai tufka ta yi yawa, waya ta naɗe ta yi zobe. Da dabbar ta fizga, zoben nan sai ya tsuke ya zama gwiwa.

Gwiwa ita ce ajalin waya. A wurin nauyi ba ya rabuwa daidai, 'yan wayoyin da ke bayan gwiwar su kaɗai ke shan ja. Kun kuma san yadda a ke karya waya in babu almakashi, a lanƙwasa ta nan, a mai da ta can, har wurin ya yi zafi ya karye. Haka dabbar ta ke yi wa gwiwar nan dare farai, wayoyi suna tsinkewa ɗaya bayan ɗaya, har saura su kasa.

Ɓarnar ba ta tsaya ga hasarar mai tarko ba. Dabbar da ta tsere da zargen ƙarfe ba ta iya kwance shi. Ya kan yanka fata ya shiga cikin nama, ta yi kwanaki tana yawo da miki har ta mutu a inda ba wanda zai amfana da ita. Akwai kuma irin tarkon da aka yi shi don ya riƙe dabba da rai. Makullin zargensa, watau ɗan ƙarfen da waya ta ke zurarewa ta cikinsa, ya kan saki kaɗan in dabbar ta daina ja, ta sami numfashi. To, in waya ta yi gwiwa ko ta buɗe, makullin ba zai iya komawa baya ba, sai tarkon riƙo ya zama na shaƙa. Kun ga ashe ɗan ƙarfen nan ba don tattalin waya kaɗai a ke sa shi ba.

KAYAN AIKI

Abin da a ke bukata ba shi da yawa. Da fari akwai wayar da za a ƙera majuyin da ita. Ba mai tufka ba ce, guda ce mai kauri wadda su ke kira lamba 9, kaurinta wajen milimita 3.8. An fi son wadda aka gasa ta yi taushi, domin ta fi lanƙwasuwa ba tare da ta tsage ba. Sai guntun bututun ƙarfe mai kaurin inci 3/4, da ƙusa 'yar inci 4. In an sami ƙusar kankare ta fi, gama ƙusar katako ta kan lanƙwashe in an naɗa mata waya mai kauri. Sai ƙananan washa da ƙananan noti, waɗanda ramukansu ba su fi kaurin wayar tarko da yawa ba. Sai filaya, da guduma, da magagari, da cizal, da uwar maƙera ko wani ƙarfe mai nauyi da za a yi duka a kansa.

Kafin a taɓa waya sai a shirya ma'auni, domin majuyi na ɗari ya fito daidai da na farko. A kafa bututun nan a tsaye cikin kututture, ya zauna daram. A huda rami a gefensa kusa da baki, daidai yadda ƙusar za ta shiga ta fita ba da wahala ba. In an cusa ƙusar sai ta tsaya a gicciye kamar reshe a jikin itace. Bututun shi zai ba da babban zoben da turke zai shiga, ƙusar kuma ita za ta ba da ɗan ramin da wayar tarko za ta riƙa juyawa a ciki.

Notin ma sai an shirya su. Noti yadda ya fito daga kanti, in an doke shi da guduma ya kan tsage. Saboda haka a ke zuba su cikin garwashi har su yi ja wur, sa'an nan a binne su cikin toka su huce a hankali. Kada a tsoma su a ruwa, domin tsomawa taurara ƙarfe ta ke yi. A yi wannan gashi a fili inda iska ke kaɗawa, don galibin noti an shafe su da tutiya, hayaƙinta kuwa yana sa zazzaɓi. Masu hali su kan sayi 'yan zobban alminiyam da aka yi musamman don wannan aiki, su huta da gashi.

MAJUYIN GINDI

Wannan shi ne wanda a ke sawa a ƙarshen waya wajen turke, shi ne kuma aka fi yi.

Na farko, a yanke waya lamba 9 tsawon inci 10. Majuyin ba zai cinye wannan duka ba, ragowar ta kamawa ce.

Na biyu, a sa tsakiyar wayar a bayan bututu, watau ɓangaren da babu ƙusa, a lanƙwaso bakunan biyu gaba har su zo gefe da gefen ƙusar.

Na uku, a gitta bakunan, ɗaya ta saman ƙusa, ɗaya ta ƙarƙashinta. A nan ne sabon hannu ya kan yi kuskure, ya gitta su a jikin bututu. A bar tazarar inci guda tsakanin bututu da wurin gittawa, yadda zoben zai fito da siffar ƙwai. Wannan fili shi ne ɗakin da washa da noti za su zauna su yi ta juyawa ba tare da sun gogi turke ba.

Na huɗu, a naɗa kowane baki a jikin ƙusa sau ɗaya da rabi ko sau biyu, naɗin ɗaya yana bin na ɗan'uwansa, a matse, babu giɓi. Waya mai wannan kauri ta fi ƙarfin yatsa. In an zura bakinta cikin wani ɗan siririn bututu aka kama shi kamar ƙota, sai ta bi hannu kamar kaba.

Na biyar, a zare ƙusa, a zame majuyin daga bututu, a datse ragowar bakunan, a goge su da magagari har su daina kama tufa. A leƙa cikin ramin, in da wani ƙaiƙayi a share shi, don duk abin da ke gogar wayar tarko yana cinta ne a hankali.

Saura haɗawa. A naɗe wurin da za a yanke wayar tarko da zare don kada bakin ya tarwatse, a ɗora bisa uwar maƙera a sare da cizal bugu guda, a kuma kau da ido, gama 'yan guntayen su kan yi tsalle. A zura bakin ta ramin majuyi daga waje har ya fito cikin babban zobe. A sa washa, sa'an nan a sa noti, a bar ɗan bakin waya kamar rubu'in inci ya leƙo. A kwantar da notin bisa uwar maƙera a doke shi sau biyu ko uku har ya baje ya cije wayar. Wannan shi ne ƙullin ƙarfe, aikinsa ɗaya da ƙullin da a ke yi a bakin igiyar guga. Kada a yi ta dukansa har ya zama faifai, domin in duka ya yi yawa notin da kansa zai yanke wayoyin da aka ba shi amana.

Wani zai ce ina amfanin washa? Notin da aka baje ba shi da siffa, yana da kaifi da kusurwa. In an ja shi da ƙarfi sai ya cusa kai cikin naɗin nan ya maƙale, majuyi ya daina juyi a daidai lokacin da a ke bukatarsa. Washa ita ke ba shi shimfiɗa mai santsi da zai zame a kai. Ramin washar kuwa lalle ya kasance ya fi ƙullin ƙanƙanta.

A tuna da abu guda. In an riga an gama zargen a ɗaya bakin, duk abin da zai zauna a jikin waya sai a zura shi kafin a buga ƙullin ƙarshe. Bayan an buga babu sauran ƙari, sai dai a yanke a sake.

MAJUYIN TSAKIYA

Majuyin gindi yana da aibi guda, a ƙasa ya ke kwance. Dabba tana kewaya sai ciyawa ta nannaɗe shi, ko laka ta cika ramin, ko kuwa a ƙasashen sanyi ƙanƙara ta daskare a kansa. Saboda haka gwanaye su kan ƙara wani a tsakiyar waya, kusa da zarge, inda ya ke tashi sama duk lokacin da dabbar ta ja.

Ga hanya mai sauƙi. A yanko zobe daga bututun ƙarfe mai kaurin jiki, faɗin zoben kamar rabin inci. A huda ramuka biyu a jikinsa, suna duban juna sosai. A goge bakin kowane rami har ya yi sumul. A raba wayar tarko biyu. A zura bakin guda ta rami daga waje, a jawo shi ta buɗaɗɗen gefen zoben, a sa washa da noti a buga, sa'an nan a ja shi ya koma ciki ya zauna. A yi wa ɗaya bakin haka ta ɗaya ramin. Abin lura shi ne ƙulle-ƙullen nan biyu kada su taɓa juna a tsakiya, in sun taɓa za su sarƙe. In ramukan kuma ba su daidaita ba, waya za ta riƙa fita a karkace, bakin rami ya yi ta cinta.

GWAJI

Ba a kai majuyi daji sai an gwada shi a gida. A rataya babban zoben a reshe mai ƙarfi, a ɗaura buhun yashi mai nauyin buhun siminti, watau kilo 50 ko laba 110, a ɗaya bakin wayar, yadda zai tashi daga ƙasa da taƙi guda kawai. A juya buhun da hannu. In majuyin na kirki ne, buhu zai yi ta kewaya waya kuwa tana miƙe abinta. In an ga waya ta soma murɗewa, ko an saki buhu ya koma baya da kansa, to, wani abu ya cije. Majuyin da ke juyawa a tafin hannu ba shaida ba ne, sai wanda ya juya da kaya a wuyansa.

Bayan wannan a ɗaga buhun kaɗan a sake shi ya fizgi wayar, sau da yawa, mai gwaji ya janye ƙafafunsa. Sa'an nan a sauke a duba wuri uku. In naɗin ya soma buɗewa, bai isa ba ko wayar ta cika siranta. In bakin wayar da aka bari ya shige cikin noti, duka bai isa ba. In washa ta lotsa ta zama kamar ƙoƙo, a nemi mai kauri. Wayar da ta riga ta kama dabba ba a sake ɗana ta, amma majuyi da makulli a kan yanke su a mai da su jikin sabuwa, shi ya sa wahalar ƙera na kirki ba ta faɗuwa ƙasa banza.

ABIN DA DOKA TA CE

Hukumomin waɗannan ƙasashe ba su bar maganar ga son ran mai tarko ba. A jihar Pensilbaniya ta Amurka, wanda zai ɗana wa yanyawa ko koyoti tarkon waya a tudu sai ya yi kwas ya sami takardar shaida. Doka ta ce kaurin waya kada ya gaza inci 3/32, tsawonta kada ya wuce ƙafa 7. Tilas a sa majuyi ko da guda, mai juyawa ko'ina, tsakanin zarge da turke. Tilas a buga ƙulli biyu, ɗaya ya hana kewayen zarge wuce inci 38, ɗaya ya hana shi tsukewa ƙasa da inci 8, domin ƙafar barewa in ta shiga ta fita. Tilas kuma a sa wata 'yar ƙugiya wadda za ta buɗe in babbar dabba ta ja. An hana ɗanawa kusa da shinge ko wani abin da dabba za ta nannaɗe waya a jikinsa, gama wayar da ta naɗe a kututture ta raba gari da majuyinta. Mai tarko kuma ba shi da ikon barinsa fiye da awa 36 bai duba ba.

A 1997 Kanada da Tarayyar Turai suka sa hannu a wata yarjejeniya ta rage wa dabbobi azaba wajen kamu, Rasha ta bi baya a 1998. Yarjejeniyar ba ta hana mutum ƙera tarkonsa da hannunsa ba, amma ta ce sai ya bi fasalin da hukumar ƙasarsa ta yarda da shi. A Ingila dokar 1981 ta hana zargen da ke tsukewa ba ya saki, ta kuma wajabta duba tarko kowace rana.

Akwai kuma waɗanda suka ce duk wannan gyara bai wadatar ba. Hujjarsu ita ce zarge ba ya zaɓe, abin da ya bi hanyar shi ya ke kamawa, ko karen makiyayi ne ko kyanwar gida, dabbar da ta kwana tana fama da waya kuwa ta sha wuya ko da majuyi goma aka sa. Wels ta hana tarkon zarge ɗungum a 2023, Sikotlan ta bi sahu a 2024. Maganarsu abin dubawa ce. Majuyi yana rage azaba, amma ba ya mai da tarko abin wasa, ba ya kuma ɗauke wa mai shi tashin asuba ya je ya duba.

INA RUWANMU?

A ƙasarmu ma waya ta shiga daji. Ana zare ta daga birkin keke da na babur da tsofaffin tayoyin mota, a ɗana barkatai, babu majuyi, babu ƙulli, waɗansu ma mai su ya kan manta inda ya sa su. A dazuzzukan Kuros Riba, inda ragowar manyan biran nan da a ke kira gorila su ke, waɗanda an ƙiyasta ba su kai 300 ba, kwance irin wannan tarko yana cikin manyan ayyukan masu gadin daji. Kada wani ya ɗauki bayaninmu ya zama izini. An keɓe Yankari tun 1956, aka buɗe ta ga masu ziyara a 1962, farauta a cikinta da sauran gandayen da aka keɓe laifi ne. Dokar 1985 ta kare dabbobin da ke neman ƙarewa, an kuma ƙara tsananta tararta a 2016. Manomin da gafiya ko zomo suka dama, ya fara tambayar ma'aikatan gandun daji na jiharsa abin da aka yarda masa. In an yarda, shi ma ribarsa ce ya tarar da abin da ya kama da rai, gama kowa ya san abin da waya ta shaƙe har ya mutu mushe ne. In kuma akuyar maƙwabci ce ta faɗa, gara a kwance ta tana kuka da a je gaban alƙali da fatarta.

Akwai ma inda majuyi zai yi mana aiki ba tare da an je daji ba. Da damina, sa'ad da shuka ta fito, awaki da tumaki a turke su ke wuni. Ku dubi igiyarsu da la'asar. Dabbar ta yi ta kewaya har igiya ta murɗe ta dunƙule, mai kamu biyar ta koma uku, ciyawar da ke gabanta ta gagare ta, wani lokaci ma ta shaƙe ko ta ci mata ƙafa. Ciwon ɗaya ne da na wayar tarko, maganin ma ɗaya ne. Majuyin tsakiya da aka ƙera da zobe babba, aka sa ƙusa mai kai a kowane rami aka lanƙwasa bakinta ya zama ido, zai karɓi igiyar rama ta kowane gefe.

Saboda haka muna roƙon malaman aikin hannu su gwada wannan darasi. A sami igiya biyu masu tsawo ɗaya, a ɗaura su a reshe, guda da majuyi guda babu. A rataya wa kowace bokitin yashi, yara su juya kowane bokiti sau ashirin, sa'an nan su auna tsawon igiyoyin su rubuta abin da suka gani. Bayan wannan a raba su ƙungiya ƙungiya, kowace ta ƙera nata, a gwada da buhu a gaban kowa, a ga na wa zai buɗe. In da maƙeri a garin a gayyato shi ya nuna musu gashin noti, don ya fi malami sanin launin ƙarfe in ya nuna. Waɗanda suka ci gwaji a ba yara su kai gida, a sa wa akuyar uwarsu kafin ruwan shuka ya sauka.